Shekara Ashirin Ina Yanke Kuka

Shekaranjiya wata yarinya 'yar jami'a ta shigo shagona da ke Mararaba, ta miƙo mini wayarta, ta ce in duba ɗan fim ɗin da suka yi ita da ƙawayenta. Labarin wata mata ne da mijinta ya rasu wata uku da aurensu. Na kalla. Minti huɗu cur matar tana kuka a bakin gado, sarewa tana bin ta, sai kawai hoto ya ɗauke. Na tambaye ta me ya sa ta yanke a nan, ta ce a nan kiɗan ya ƙare. Ta ƙara da cewa ai editin, wato tace hoto, yanzu ba wani aiki ba ne, manhajar waya ke yin komai, ita da yamma ɗaya ta gama nata. Na mayar mata da wayarta na ce Allah ya ba da sa'a. Amma maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa na ce bari in zauna in gaya muku, ku masu tasowa, mece ce sana'ar tace hoto, tun da kun ɗauka danne-dannen maɓalli ne kawai.

Ni a hannun Oga Bitrus na koya, wani mutumin Filato mai ɗan shago a gefen Idu, bayan masana'antu. Lokacin farar hula ba su daɗe da karɓar mulki ba, Abuja tana ta cika, kowa ya samu kwangila sai ya yi biki, kowane biki kuma sai an ɗauka a bidiyo. Kayan aikinmu na'urar kaset biyu ne, da ƙananan talabijin biyu, da wani akwatin haɗa sauti da ya sha ɗauri da salatif. Ka sa kaset ɗin da aka ɗauko a ɗaya, ka sa sabo a ɗayar, ka saki wannan, ka danna wancan daidai lokacin da ya dace. In ka makara da ƙiftawar ido ka shigar da ƙeyar wani a tsakiyar ɗaurin aure, kuma babu maɓallin komawa baya irin naku, sai dai ka sake daga inda ka ɓata. In aka ɗauke wuta kaset yana ciki, ka kwance murfin na'ura, ka zaro zaren da yatsa biyu kamar mai cire ƙaya, ka naɗe shi da biro.

Wata shida na yi a shagon nan ban taɓa maɓalli ba. Aikina in zauna da littafi, in kalli duk abin da mai kamara ya ɗauko, in rubuta abin da ke faruwa a kowane minti: nan ango ya yi hamma, nan uwar amarya ta juya baya, nan kamara ta kalli ƙasa. Na yi ta ƙunƙuni, ina ganin mutumin nan ya mayar da ni magatakarda. Sai daga baya na gane wanda bai san duk abin da ke cikin kaset ba bai isa ya zaɓi abin da zai fito ba. Har yau ba na fara aiki sai na cika littafi. Ku kuwa kuna jan hoto da yatsa kuna tsallakewa, rabin abin da aka ɗauko ba ku taɓa gani ba.

Aikin da na fara yankewa da hannuna bikin wata nas ne 'yar Jikwoyi. Mahaifinta ya rasu saura wata biyu biki, ƙanensa ne ya riƙo hannunta ya shigo da ita coci. Mai kamara ya bi fuskarta tun daga ƙofa. Tana zuwa layin gaba ta kalli kujerar da aka bari babu kowa kusa da mahaifiyarta, leɓenta ya fara rawa, sannan ta fashe da kuka har aka tsayar da waƙa. Ni na saka kukan duka, ina ganin na samu abin kirki. Oga Bitrus ya leƙo ta kafaɗata. Hausarsa irin ta Abuja ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa. Ya mayar da kaset baya zuwa inda leɓen ya fara rawa, ya ce, “Isa, ka ga amarya nan? Ya kusa yin kuka. Kar ka jira shi. Yanke nan, ka nuna kujera.” Na ce ai kukan ne abin kallo. Ya ce in ta yi kukan da kanta mai kallo ya huta, in na yanke kafin hawaye ya sauko mai kallo ne zai yi mata. Ranar da iyalin suka zo karɓa, daidai wurin kujerar nan uwar ta rufe fuska da hannu biyu.

Da kwamfuta ta shigo sai masu shirya fim suka fara zuwa. Daga Kano da Kaduna da Jos suke tahowa, su ari gidan wani babba a cikin gari, su ɗauki faffaɗan titi, su kawo mana mu haɗa. A lokacin abin da kasuwa ke so shi ne soyayya mai mutuwa a ciki. Saurayi da budurwa su sha wahala, su yi aure, mota ta kife, likita ya fito ya cire tabarau ya girgiza kai. Daga nan wanda ya rage ya yi ta yawo da hoton mamacin a hannu, sai mamacin ya dawo cikin fararen kaya a kan dutse su yi waƙa. Amaren da suka mutu a kwamfutata ban san iyakarsu ba. Kuma kowane furodusa magana ɗaya gare shi, a ƙara kuka. Ka ce masa ya isa, ya ce kai ba ka san mata masu sayen kaset ba.

Kukan ma man zafi ne ake shafawa a ƙasan ido. Sai a ɗauki rabin magana da safe ido ya yi ja, a ɗauki sauran bayan azahar ido ya washe, a ajiye maka ka haɗa su su zama numfashi ɗaya. Hawaye yana kuncin dama a nan, ya koma na hagu a can. Mara lafiya tana gargarar mutuwa, ƙarar janareta da muryar mai tallan ruwan leda suna shigowa ta taga. Duk wannan kai za ka ɓoye. In fim ya yi kyau a yabi jaruma, in ya lalace a ce edita ne.

Shekarar rusau ita ce ta fi kowace muni. An zo an shafa jan fenti a layin shagunanmu, muka ɗauka irin na kullum ne, don an sha shafawa ba a dawo ba. Wata safiya ana yayyafi sai ga motar rusau a bakin layi. Muka yi ta jidar kaya muna zubawa a gefen titi. Kwali guda na kaset ya jiƙe, ma'ajiyar kwamfuta ta faɗi a kan kwalta da fim ɗin wani bawan Allah a ciki, aikin mako bakwai, saura waƙa ɗaya in gama. Ba ta sake tashi ba. Mutumin bai zage ni ba, ya dai bi masu shirya fim ɗaya bayan ɗaya ya gaya musu, shekara guda babu wanda ya kawo mini ko tallan sabulu. Oga Bitrus ya ce shi ya gaji, ya bar mini kwamfuta ɗaya, ya koma gida noman dankali. Na dawo Mararaba na kama ɗaki, ina haɗa bikin suna da saukar karatu. Tun daga nan komai wuri biyu nake ajiye shi, har abin da darakta ya ce a zubar.

A wannan ɗakin Injiniya Haruna ya same ni. Wata Asabar ce, ya shigo tare da wani matashin darakta da na sani, Nura, suna ɗauke da jakar kaset. Injiniya ne a wata ma'aikatar tarayya, Bakatsine, ya haura hamsin, mai magana a hankali kamar yana tsoron tada wani daga barci. Matarsa Bilkisu ta rasu shekara biyu kafin nan bayan jinya, ta bar masa 'ya'ya uku. Shi da kansa ya rubuta labarin zamansu, ya ɗauko Nura da 'yan wasa, aka yi fim ɗin a cikin gidansa, da kwanukanta, da zannuwanta da ya hana a raba tun rasuwarta. Da ya fita amsa waya, Nura ya matso ya ce in fara haƙuri tun yanzu, don shi wata biyu ya yi yana yi a wurin ɗauka.

Ban gane ba sai ran Litinin. Ana tashi daga ofis Injiniya ya biyo cunkoson Nyanya, la'asar sakaliya ya iso, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya ja kujerar roba ya zauna a bayan kafaɗata ta hagu. Haka kullum. Ba ya cewa komai, amma da zarar na kai hannu zan yanke sai ya yi gyaran murya. In na juyo ya ce, “Malam Isa, da dai an bar shi.” Haɗin farko da muka yi ya haura awa huɗu.

Akwai wata fitowa da ba zan manta ba. Rahila, yarinyar da ta fito a matsayin Bilkisu, mai waƙa ce a coci, Nura ya zaɓe ta don suna kama a fuska. A fitowar tana durƙushe tana feraye wa mijinta lemo, kai a sunkuye, minti tara babu magana. Na ce yallaɓai, rabin minti ya isa a gane. Ya ce a'a, ai abin kallon shi ne ɓawon ba ya tsinkewa, sai an gani daga farko har ƙarshe. Asibiti kuma rabin awa. Duk tsawon fim ɗin matar ba ta taɓa ɗaga murya ba, daga “to, maigida” sai “sannu, maigida”. Ko a gadon mutuwa gafara take nema don ta wahalar da shi. Wata rana haƙurina ya ƙare, na ce masa wannan matar ko ni mai aikin, barci take sa ni, balle wanda ya sayi kaset. Ya ɗauki hularsa ya fita. Kwana biyu bai zo ba, na uku ya dawo ya zauna a kujerarsa kamar ba a yi komai ba. Na kai hannu, ya yi gyaran murya.

Ƙarshen fim ɗin ma rigima ce. Nura ya ɗauki iri biyu. A ɗaya mijin ya kulle kansa a ɗakinta har ya tsufa, an barbaɗa masa hoda a gemu. A ɗayan ya sake aure. Injiniya ko kallon na biyun bai yarda ya yi ba. Wata uku muna haka. Wani furodusa da na daɗe ina lallashi ya dawo gare ni bayan abin da ya faru a rusau ya kawo aiki, ya ga ba ni da lokaci, ya kwashe kayansa ya kai wani wuri. Ranar na kira Nura na ce ya zo ya ɗauki kaset ɗinsu, na haƙura. Ya roƙe ni in ƙara mako ɗaya, wai surukar Injiniya, mahaifiyar marigayiya, ta zo daga Funtuwa ganin jikoki, Injiniya yana so ta kalla ta sa albarka kafin a fitar.

Asabar da hantsi Injiniya ya kawo ta. Hajiya Yalwa sunanta, tsohuwa 'yar ƙarama mai kaifin ido. Na ba ta kujerata mai taushi, shi kuma ya ƙi zama a ta roba, ya tsuguna a bakin ƙofa kai a ƙasa, yadda suruki ke yi. Na kunna. Ta kalli kamar minti arba'in ba ta motsa ba, har aka zo wurin lemon nan. Sai ta ɗaga hannu, na tsayar.

Ta ce, “Ɗan nan, wace ce wannan?”

Na ce ai marigayiya ce, Hajiya. Ta ce zanin dai nata ne, ita ta saya mata shi da ta haifi na biyu, amma matar da ke cikinsa ba ta san ta ba. Da yake ba ta yi wa suruki magana kai tsaye, ni ta riƙa fuskanta, yana tsugune yana ji. Ta ce 'yar da ta haifa tun daga ƙofar gida ake jin muryarta. Mahauta sun san ta a kasuwa, in ta doso sai su gyara awo. Sau biyu ta yi yaji, shi wannan da ke tsugune ya bi ta har Funtuwa biko shi da kawunsa, ta bar su a zaure har rana ta yi tsaka. In tana dariya har dasashinta ake gani. Lemo kuwa, ta ce, yarinyar nan ba ta taɓa iya feraye shi ba, gida huɗu take tsaga shi. Shi ne ke feraye mata, tana zaune tana masa faɗa ya cika nawa.

Na saci kallon Injiniya. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, shi bai so duniya ta ga aibinta ba ne, tun da ba ta nan balle ta kare kanta.

Tsohuwa ta ce mini, “Ka gaya masa ba aibi ba ne, ita ke nan. An binne ta sau ɗaya mun haƙura. Kada ya sake binne mini ita a ƙarƙashin wannan baiwar Allah mai sunkuyar da kai. 'Ya'yanta za su kalla, kuma ƙaramin bai gama saninta ba.”

Injiniya ya ce to sai a sake ɗauka. Nura ya ce ba zai yiwu ba, 'yan wasa sun watse, Rahila ta yi aure a garin Lafiya, ga ciki ya fito. A nan na jawo littafina. Mai kamararsu yana da wata ɗabi'a da na yi ta mita a kanta, ba ya kashe kamara in darakta ya ce a tsaya. Duk wannan shirgin na kalla na rubuta. Na nemo wani wuri a kaset na goma sha ɗaya na kunna. Ga Rahila nan, an ce a tsaya, jarumin ya taka mata zani, ta miƙe ta riƙe ƙugu tana zazzaga masa masifa da Hausa da Turancin buroka. Yana ta ba ta haƙuri, can abin ya ba ta dariya, ta zauna daɓas a ƙasa tana ƙyaƙyatawa. Hajiya Yalwa ta matso da fuskarta kusa da gilashin talabijin, ta ce in mayar. Na mayar sau uku. Ta goge ido da bakin mayafi ta ce wannan ta fi kama.

To a nan aikin yake, ku da kuke cewa manhaja ke yi. Abin da kamara ta kwasa bayan an ce a tsaya ba don fim aka ɗauke shi ba. Ga ƙafar fitila a gefe, ga Nura yana wucewa da takarda, ga wani yana shan ruwa a baya. Sai na matso da hoto na datse gefe ba tare da fuska ta dushe ba. Muryar kuma ba ta amfanuwa, don sunan jarumin na gaskiya take kira. Na cire sautin duka. Muka roƙi mijin Rahila ya kawo ta kwana biyu, na rataye barguna a bango, ta tsaya gaban makirufo tana kallon bakinta a talabijin tana ɗora sabuwar magana. Kowace kalma sai ta zauna daidai da motsin baki, inda leɓe ya rufe a hoto dole ya rufe a magana. Maganganun kuwa Injiniya ne ya kawo su, don shi ya san abin da matarsa za ta ce. Mutumin da na sani da gyaran murya sai ga shi tsaye ya riƙe ƙugu yana koya wa Rahila yadda Bilkisu ke cewa, “Injiniya guda, lemo ɗaya tun ɗazu.”

Kada ku ɗauka na samu sauƙi. Ya daina gyaran murya, ya koma ba da labari. In nuna masa daƙiƙa biyar, ya ba ni labarin rabin awa: ranar da ta kori mai gyaran famfo, ranar da take koyon mota ta ture katangar maƙwabci ta ce katangar ce ta matso. Ya yi dariya, wani lokacin ya fita waje ya daɗe, ya dawo ya ɗora daga inda ya tsaya, ni kuwa ina zaune aiki yana kallona.

Mako shida muka ƙara, fim ya dawo ƙasa da awa biyu. Lemon ya koma rabin minti, na samo inda jarumin ke feraye wa kansa a lokacin hutu Rahila ta fizge. Asibiti ya koma minti biyu. Na sami wurin da take kwance da robar ƙarin ruwa, jarumin ya tsare ta da ido yana jiran a ce a fara, ta kai masa duka a hannu. Na tambayi Injiniya me za mu ɗora a bakinta. Ya ce ranar ƙarshe da ta yi magana cewa ta yi ya daina kallonta kamar an riga an yi mata wanka, ya je ya ci abinci. Haka muka sa. Daga nan na yanke zuwa takalmanta a ƙofar ɗaki, babu likita, babu sarewa.

Saura ƙarshe. Da kansa ya ce in nuna masa wanda ya ƙi kallo. Ya kalli auren da rawar da aka yi a ciki, ya ce wannan ba yanzu ba, wataƙila wata rana. Na gemu mai hoda kuma ya ce ita kanta da ta gani da ta yi masa dariya. Na ce to ba mu da na uku. Ya ce in ba shi mako. Asabar ta gaba Nura ya kawo sabon kaset ɗaya. Ashe Injiniya ya buɗe ɗakin, ya kira dangi, za a kai akwatunanta Funtuwa a raba wa magada kamar yadda ya kamata a yi tuntuni. Ya sa jarumin ya tsaya a bakin ƙofa, aka ɗauki akwatunan na gaske ana fitowa da su ana sawa a mota. Da motar ta fita, jarumin ya juya ya kira yara su zo su ci abinci. A nan na rufe fim.

Kasuwa ba ta karɓe shi ba. 'Yan kasuwar kaset suka kalla suka ce babu waƙa, babu haɗarin mota, kuma wa zai yi wa mace mai faɗa da miji kuka. Kaɗan aka buga. Ko ɓarayin fim da ke kwafar komai ba su damu su sace shi ba. Sai dai shekaru bayan haka mutane suna zuwa shagon nan ɗaya-ɗaya suna tambaya, wata tela da mijinta ya rasu, wani direban tanka, wata malamar makaranta da ta kalla a gidan maƙwabta. Yawancinsu ba su san sunan fim ɗin ba, cewa suke na matar nan mai faɗa. Nakan juye musu.

Ranar da Injiniya ya zo karɓar kayansa na haɗa masa komai a jaka, na nuna masa inda na ajiye haɗin farko mai awa huɗu a kwamfuta, na ce zan juye masa shi ma ya adana. Ya ce in goge. Na ce yallaɓai, wata uku na ɓata a kansa, kuma wata rana za ka nema. Ya ce ba zai nema ba. Matar da ke ciki ba tasa ba ce, shi ya ƙirƙiro ta don yana jin kunyar a san faɗan ne ya fi kewa. Muka yi ta ja. Na kai hannu ina jan ƙafa, kwamfuta ta tambaya ko na tabbata, sai ya miƙo hannu ta kan kafaɗata ya danna da kansa. Babu wanda ya taɓa sa mini hannu a kayan aiki ban yi masa faɗa ba, shi ma na yi masa. Ya saurara har na gama, sannan ya ce in goge na wuri na biyun ma, ya san ina da shi. Na goge.

Ya sa hularsa, ya ɗauki jaka, ya ce gobe ba zan gan shi ba, ya yi wa ƙaramin ɗansa alkawarin koya masa keke bayan ofis. Washegari da la'asar na fitar da kujerar roba waje, na zauna na haɗa bikin suna biyu kafin a kira magariba, babu wanda ya ce mini uffan.